Bencinan Ziyara

Da hantsi babbar mota ta sauke sababbin bencina a firamaren wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Shekarar da gero ya ƙi ce. Rabin yaran sun daina zuwa, sauran a ƙasa suke zama.

Direban ya ja hedimasta gefe. "Malam Muntaka, aro ne fa. Ana gama hoto zan kwashe."

Can sai ga Hajiya Asama'u, shugabar kwamitin amintattu na ƙungiyar agajin ilimi ta duniya da ke tallafa wa makarantar. Ta shafa kawunan yara, aka ɗauki hotunan da za a aika Turai.

Malam Muntaka ya san magana za ta iya cinye masa kujera. Duk da haka ya matsa kusa da ita.

"Ranki ya daɗe, ma'aikatanki suna yaudararki. Bencinan nan ba namu ba ne. Kina tafiya za a kwashe su."

Hajiya ta dubi agogonta.

"A'a Malam, kafin in tafi dai. Ta da yaran. Sai an jera bencinan a makarantar gaba kafin in isa."