Hannu a Aljihu

Tunda ka ce ƙungiyarku na son ta riƙe imel ɗinta a gida, kuma kowane gwani tasa manhajar yake yaba maka, zauna in ba ka misali da magatakardan wata ƙungiyar manoman riɗi a wani gari na bakin iyaka. Tsohon malamin firamare ne, da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Al'adar ƙungiyar ce duk shekara biyu a sake zaɓe. Tsohon magatakarda, wanda shi wannan ya gada, ya sha kaye, sai ya yi zuciya ya tafi da kalmar sirrin imel ɗin, don tun asali da sunansa aka buɗe. Aka yi rarrashi, aka tura dattawa, ko gezau. Wasiƙun shekara shida na masu sayen riɗi daga ƙasashen waje sun tafi ke nan. Abin ya ƙona wa sabon magatakarda rai ƙwarai. Ya tsaya gaban taro ya ce daga yau akwatin wasiƙunsu a ofishinsu zai zauna, cikin kwamfutarsu, kuma kafin a yanke riɗin bana. Dalili kuwa, mai saye in ya rubuto bai ji amsa cikin kwana uku ba, gaba yake yi, manomi ɗari biyu su faɗa hannun 'yan baranda.

Gwanaye biyu suka zo. Na farko ya iya, wannan ba ƙarya. Manhajarsa sassa bakwai gare ta, ya buɗe wani baƙin allo yana ta zuba rubutu, shugabanni sai gyaɗa kai suke alhali ko alif ba su gane ba. Ya ce za ta ɗauki mutum dubu goma. Ta na biyun ƙarama ce, a dunƙule take, komai na kan shafi ɗaya, ga maɓalli ga sunansa. Shugaban ƙungiya har ya raina ta, wai wasan yara ce. Magatakarda bai yi masa musu ba. Amma shi ɗan noma ne, ya san ba a sayen garma don ta yi kyau a hannun maƙeri, a hannun mai huɗa ake gwada ta. Sai ya ce kowane gwani ya sa hannuwansa a aljihu, ya kuma kama bakinsa. Ya kirawo wata dattijuwa 'yar kwamiti, wadda ko wayarta sai ta nisanta ta da ido kafin ta karanta, ya zaunar da ita gaban kwamfuta. Abu uku ya nema: ta buɗe wa sabon memba akwati, ta canja wa wanda ya manta kalmar sirrinsa, ta kwafe wasiƙu duka a filashi sannan ta mayar da su. A ta gwanin farko, baiwar Allah ta zauna tana kallon baƙin allo, shi ma yana kallonta. Sau uku hannun gwani na sulalowa daga aljihu, sau uku magatakarda na cewa, "Mayar, Injiniya. Ranar da za ta lalace ai ba ka nan." A ƙaramar kuwa, da 'yar takardar bayani a gefenta, kafin shayi ya huce ta gama biyu. Na ukun ta yi kuskure, ta koma baya ta gyara da kanta. Magatakarda ya ce magana ta ƙare, su ɗari biyu ne, ba dubu goma ba.

Ƙungiyar garin da ke maƙwabtaka da su ita ta ɗauki babbar, suka yi ta yi musu dariya, wai ana rabon tirela sun zaɓi keke. Magatakarda ko a jikinsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya danna maɓallin sabuntawa, ya kwafe wasiƙu a filashi, ya kai wa dattijuwar ta kulle a akwatinta. Kalmar sirri kuma mutum uku ya sa suka riƙe, kada a maimaita na baya.

Ana fara yankan riɗi, ruwan ƙarshen damina ya zo da tsawa, ta ƙone kwamfutocin ofisoshin nan biyu. A makon ne kuwa magatakarda yake jiran wasiƙar babban mai sayensu. Bai tsaya salallami ba. Ya aro wata kwamfutar, ya aika aka ɗauko filashi, shi da dattijuwar suka bi takardar bayani layi bayan layi, yatsa ɗaya yatsa ɗaya. A rana ta biyu da la'asar akwati ya buɗe, wasiƙar da ta yi kwana biyu tana ƙwanƙwasa ƙofa ta shigo, ya amsa ta da sauran kwana guda. Maƙwabta kuwa, gwaninsu ya sami aiki a birni. Ba mugu ba ne, hidima ce ta yi masa yawa, kullum sai ya ce gobe yana tafe. Da goben ta kai kwana tara, nasu mai sayen ya yi gaba. Ranar kasuwa sai ga shugaban maƙwabtan, wanda ya fi kowa dariyar keke, zaune a kan benci a ofishin magatakarda hula a gwiwa, yana jiran dattijuwar nan ta nisanta takarda da ido ta buɗe masa akwati a ƙaramar manhaja.

Don haka in ka tashi zaɓe, ka sa gwani ya mayar da hannu aljihu, ka ɗauki wadda mafi raunin cikinku zai iya tayarwa ranar da ta faɗi. Hausawa sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.