Garaya ga Marka, Molo ga Naja'atu

A zauren gidansu Naja'atu da ke Kabo, saurayinta Tasi'u ya kunna mata waƙar da ya naɗa a ɗakinsa, yana ta kuranta jitarsa mai lantarki. Wai maɓalli ɗaya zai danna ta yi kukan garaya, ya sake dannawa ta koma molo.

Ya ce, "Ke kaɗai na tsara wa, da molo."

Ta dube shi kamar ta ga ƙuda a fura. Jiya-jiyan nan Marka, 'yar kawunta ta Durun, ta jiyar da ita waƙar nan baiti-baiti, da garaya, da sunan Marka a amshi.

Ta gyara hijabi ta miƙe.

"Malam Tasi'u, ashe har sunan mace maɓallin yake canzawa? To, danna ka cire nawa."