Ta Takwas a Littafi

"Gida na bakwai ke nan," in ji Obiechina, yana kafe babur ɗin da ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a ƙofar gidan Malam Isyaku. "Jiya 'yan fashi sun shiga wa Alhaji Inuwa na Tarauni. Ya rasu da safe."

Wata biyu baya, da Isyaku zai bar aikin inshora, ya sayar wa wani baƙo littafin abokan cinikinsa. Mutumin ya ce shi ma wakilin inshora ne. A ciki akwai sunan kowa, da kwatancen gidansa, da dukiyar da ya yi wa inshora.

"Malam, shekara tara muna ofis ɗaya, na san mutanenka. Littafin da ka sayar suke bi, suna bayan suna. Ɗauko kwafinka."

Isyaku ya ɗauko. Obiechina ya karanta: "Ta takwas, Hajiya Uwani, Gyadi-Gyadi, bayan famfo. Sarƙoƙin gwal goma. Mu je yanzu mu gaya mata. In sun zo ta miƙa musu kawai. Wanda ya bayar ba sa taɓa shi, mai cewa babu suke sarewa."

"Babu gwal," in ji Isyaku.

"Kamar yaya?"

"Mutumin ya ce littafin bai cika daraja ba. Sai na ƙara suna ɗaya, don farashi ya tashi."

"To wace ce ita?"

"Innata ce. Ko ɗan kunne ba ta da shi."