Inda Motar Raimo Take Kwana

"Kansiloli ashirin da bakwai ne, amma ko ka haɗa kawunansu a kwando ɗaya ba su kai rabin nawa ba."

Haka Raimo Huttunen yake faɗa wa abokan shan kofinsa a gidan man Kuusela, yana tsoma burodi a kofi. Shekara goma sha tara kwangilar share dusar ƙanƙara a titunan garin tana hannunsa, kuma ranar Litinin majalisa za ta yanke ko a ƙara masa shekara biyar ko a bai wa wani kamfani daga birni. Idan ta kuɓuce, babbar motarsa sai dai kaji su yi ƙwai a ciki.

Sharaɗin kwangilar ɗaya ne: kafin ƙarfe bakwai na safe kowane titi ya zama a share. Shi kuwa Raimo, shi da asuba ba sa ga maciji. Sai hantsi ya dubi ludayi yake fitowa, ya ture abin da ya ture, ya wuce tafki ya huda ƙanƙara ya zura ƙugiyar kamun kifi.

Da koke ya yi yawa, majalisa ta sa aka manna wa motarsa wata 'yar na'ura mai maganaɗisu, wadda take nuna duk inda motar ta bi da lokacin da ta bi. Kwana biyu Raimo yana kallonta. A rana ta uku ya ɓamɓare ta, ya zagaya bayan gidan mai, ya manna ta a ƙarƙashin motar raba jarida ta tsoho Onni. Wace mota ce take bin kowane titi, lungu da saƙo, tun ƙarfe biyar? Ya koma gida yana fito.

Ko da ya ji a watan Janairu cewa Onni ya zame ya karye a ƙafa, gabansa bai faɗi ba sai na yini ɗaya. Washegari ya leƙa akwatin ƙofarsa ya tarar da jarida. Tunda jarida tana zuwa, mota tana yawo. Ya ja bargo.

Ranar Litinin da la'asar zauren majalisa ya cika. Raimo ya sa kwat ɗin da ya yi aure da shi, maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya shiga. Matarsa Sirkka tana layin gaba na 'yan kallo da saƙarta a cinya.

Shugabar majalisa, Marjatta Oksanen, ma'aikaciyar ɗakin karatu ce da rana, shugabancin kuma na bayan tashi daga aiki ne. Ta shigo tana danne hamma, ta goge baƙi-baƙin yatsunta da hankici, ta ce a haska taswirar da na'urar ta zana a bango.

Sai ga jan layi ya malale garin kamar saƙar gizo-gizo. Babu titin da ya tsira. Biyar na asuba, kullum, har Lahadi. Wakilin kamfanin birni ya fara tattara takardunsa. Raimo ya gyara zama, ya kashe wa abokansa ido.

"Raimo, wannan aiki sai dai a ce madalla," in ji Marjatta. "Kai kaɗai kake tuƙa ta?"

"Shugaba, sitiyarin nan ko Sirkka ba ta taɓa riƙe shi ba. Inda mota take, nan nake."

"Magatakarda, rubuta wannan." Ta juya shafi. "Tambaya ɗaya ta rage kafin ƙuri'a. A matso mana da taswirar nan."

Aka matso. Wani jan ɗigo ya fito, ƙato, a bakin wani gida mai shingen katako. Babu wanda bai san gidan ba a zauren nan.

"Tun sha huɗu ga Janairu," ta ce a hankali, "motarka a ƙofar gidana take kwana. Kwana sittin da uku."

Allurar saƙar Sirkka ta tsaya. Wani kansila ya shaƙe da kofi. Daga can baya aka ji muryar wani abokin Raimo: "Kai, mutumina! Ashe shi ya sa kake sammako!"

Dariya ta ɓarke. Marjatta dai bazawara ce, kowa ya sani. Sirkka ta naɗe saƙarta tsaf, ta miƙe tsaye.

"Zauna, Sirkka! Wallahi ko launin ƙofarta ban sani ba!"

"Inda mota take, nan kake," in ji Sirkka. "Da bakinka ka faɗa, ga shi an rubuta."

Raimo ya dubi taswira, ya dubi matarsa da suka shekara talatin da ɗaya tare. Gumi ya keto masa, alhali a waje sanyi yana fasa dutse. Gaba kura, baya sayaki. Maɓallin kwat ɗin ya tsinke ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Ba a motata na'urar take ba!" ya yi ihu. "A motar jarida na manna ta tun Nuwamba! Ni barcina nake yi, Sirkka, kusa da ke, ke ma shaida ce!"

Magatakarda ya rubuta wannan ma. Wakilin kamfanin birni ya sake baje takardunsa.

Marjatta ta sake danne hamma, ta dube shi ta saman tabarau.

"Na sani, Raimo. Tun ranar da Onni ya karye a titin da ba ka share ba, ni nake raba masa jaridun."