Shayi a Inuwa

Tarinsa ta fara ganewa. Mutumin da ke gefenta a ɗakin jiran likitan fata ya ɓoye fuska a bayan jarida, amma tarin nan ta san shi tun suna 'yan makaranta a unguwar Shubra.

Shi ne ya taɓa neman aurenta, bai samu ba, ya tafi Kanada. Bana ya dawo Alƙahira, matarsa ta rasu kamar yadda mijinta ya rasu. Da ya kira ta su sha shayi a bakin kogin Nilu, ta dubi madubi, ta ce masa mura take yi. Washegari ta kwanta aka bi fuskarta da hasken leza don a goge tamoji da tabon rana. Yanzu fuskar ta yi jawur kamar tumatir, tana saɓa, tana ƙyallin mai.

Ta ja mayafi za ta sulale, sai ma'aikaciya ta kira sunansa. Jarida ta sauka. Fuskarsa ta fi tata ja, har sanƙon bai tsira ba.

"Madam, ashe haka murar bana take?"

"Kai fa, Ustaz, soya ka aka yi ko gashi?"

Dariya ta taso musu, fata ta hana, suka riƙe kumatu suna hawaye.

"So nake ki ga saurayin da kika sani," ya ce. "Ba ni lokaci in warke."

Ta sauke mayafin.

"Na gaji da jiranka. Shiga ka fito, shayin yau ne. Amma a inuwa."