Ranar da Muka Haura

Ina da wani ɗan hali: idan ana yabona, ba na gyara wa mutum zance. Shi ya sa da 'yan wasana suka ɗaga ni sama a tashar Gaya suna ihun “Sai koci!”, abin da na ce kawai shi ne, “Ku bi a hankali, bayana.”

Bara ne muka faɗo rukunin ƙasa. Alhajin da ya ba mu aron filin ƙwallo a Balan ya ja ni gefe, ya ce, “Malam, in ba ku koma sama bana ba, gyaɗa zan zuba a wurin nan. Ita dai ba ta taɓa ba ni kunya ba.”

Shekarata hamsin ba ɗaya, gwiwa ta ƙi, murya ta dushe, amma haka na bi 'yan wasana gari-gari. A Gafasa aka zura mana huɗu. A Toranke golanmu ya tsaya gaisawa da surukinsa. Duk da haka yau takarda ta iso: mun haura, fili ya tsira.

Da na shiga gida, maiɗakina ta miƙo mini ruwa. “Sannu da ƙoƙari, Malam. Na nawa kuka zo?”

“Na biyu.”

“Kai, madalla! Cikin nawa?”

Na daɗe ina shan ruwan nan.

Ƙungiya shida muka fara gasar. Da girbin gero ya kama, huɗu suka koma gona, ba su dawo ba. Biyu ake ɗauka.