Mai Daddawa da Masu Sababbin Gidaje

Wato don masu sababbin gidaje sun ce ƙarar maƙerarka ta dame su shi ne har ka fara ɗaure kaya? Kwance su, ƙanena, ka zauna ka ji wani misali.

A wani ƙaramin gari an yi wata mata mai sana'ar daddawa. Ka san aikin: a dafa kalwa, a surfe, a rufe ta har ta ruɓa, wari kuwa ba a magana. Saboda warin nan sau biyu ana tashinta daga cikin gari, tana kwasar tukwanenta da 'ya'yanta ba musu, har ta kai bakin daji ta kafa bukka a gindin wata ɗorawa, inda ba ta da maƙwabci sai gafiya. Ana nan gari ya cika ya batse. Aka hayayyafa, baƙi suka yi ta kwararowa, ɗakin haya ya gagara, gonaki suka koma filoti. Filotan da ke kewaye da ita su suka fi arha, don haka su aka fara wawashewa. Kafin ka ce me, gidajen bulo da shagunan caji da na sayar da lemo sun sa ta a tsakiya. Sai ga waɗanda jiya-jiya suke neman inda za su sa haƙarƙarinsu sun haɗa kai sun kai ƙara wurin mai unguwa, wai warinta yana korar musu 'yan haya, a tashe ta. Abin haushi, babu tukunyar miya ɗaya a layin da ba daddawarta a ciki.

Wannan karon ta ce ko da taki ɗaya ba za ta gusa ba, don in ta bar gindin ɗorawar nan ba sauran bakin garin da za ta koma, duk an yanka an sayar. Ta je gaban mai unguwa ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya ta dubi jagoran masu ƙarar. Ta ce, "Alhaji, ran da ka zo duba filin nan a inuwata ka zauna, ruwan randata ka sha. Da kunnena na ji kana toshe hanci kana ce wa dillali sai ya rage maka saboda wari. Ya rage. To warin nan da shi ka yi ciniki, ka ci ribarsa, yau kuma shi za ka kai ƙara?" Alhaji ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Mai unguwa ya tambayi sauran ko akwai wanda ya riga ta zuwa, aka rasa mai ɗaga kai, sai ya kori ƙarar. Da ta koma gida, babbar tukunyar da take ajiyewa sai lokacin kaka ita ta ɗora, ta iza wuta.

To kai ma je ka hura zugazuginka. Suna jin ƙarar gudumarka suka auna fili suka biya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.